Wasan da Jirgin Ruwa Ya Katse

A unguwar Ammariyya muka tashi, can ƙasa mai tsarki, a gidan da ɗakunansa ba sa shan iska. Bayan sallar isha sai mu hau saman bene, inda kakarmu, da muke kira Habboba, take soya gahawa a kaskon gawayi. Da rana wanki take yi wa wani dattijo ɗan Pakistan mai son wasan kurket kamar ransa, kuma a bakinsa ta samo labarin da ta fi ba mu.

"Wannan ba na Gizo ba ne," in ji ta. "Ya faru."

Wai Turawan Ingila ne suka je Afirka ta Kudu wasa, aka yi alkawari ba za a tashi ba sai an sami wanda ya ci. Wannan ya jefa ƙwallo, wancan ya tare da katako, rana ta faɗi, gobe a dawo. "Manyan mutane da gashin baki," sai ta yi tsaki, "su ajiye wasa wai za su sha shayi!" Mu yi ta dariya. Mako ya wuce ba a gama ba. Turawan Ingilan na dab da ci sai ruwan sama ya sauko, ga jirgin ruwansu ba zai jira ba. Halas, shi ke nan, suka kwashe kaya suka tafi.

A nan muryarta take sauka. Ta ce akwai ɗaya da aka tura can ƙarshen fili ya tsare ƙwallo, kuma babu wanda ya koma ya kira shi. Har yau yana tsaye da fararen kaya, yana jira.

"Habboba, me ya hana a kira shi?"

"Jirgi ya riga ya motsa, ya waladi, ɗana. Yalla, barci."

Na sha kwana ina ganin mutumin nan a bakin ƙofa.

Bana, a siton da nake aiki a Kurayyat, na ba wani abokin aikina ɗan Pakistan labarin. Ya ce gaskiya ne, an yi wasan, jirgi ne ya katse shi. Amma ba a bar kowa a fili ba.

Na je na sami Gwaggo, 'yar Habboba ta fari. Ta ce a tashar jiragen ruwa ta Sawakin, ranar da za su haye teku zuwa hajji, Habboba ce ta aiki tata ƙanwar ɗebo ruwa. Kafin yarinyar ta dawo, masu jirgi sun kwance igiya. Habboba ba ta sauka ba. Daga baya, babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu hanyar komawa nema.

Mun ji labarin nan sau da yawa muna dariyar shayi, ashe ita kullum tana gaya mana abin da ba ta iya faɗa ne. Na tambayi Gwaggo sunan yarinyar, ko don in sa ta a addu'a.

Ta ce, "Wallahi ɗana, ni ma ba ta taɓa gaya min ba."