Ɗaya ga Janairu da Taswirar Baba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan, don ina tsoron ko rubuta shi ma wani laifin ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da ni.

Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara biyu ke nan ina zuwa unguwar Parkchester, a nan Bronx, wajen wani tsoho ɗan Indiya, mai addinin Hindu, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Baba nake ce masa. Mutumin kirki ne, shi yake tuna min azahar ta yi. Amma duk rayuwarsa lissafin taurari ya yi, kuma bakinsa ba ya hutawa.

Ina shafa masa mai a ƙafa, yana koya min abin da ban tambaya ba. Wai sararin sama kashi goma sha biyu ne, masu yawo a cikinsa tara: rana, wata, taurari biyar, sai wasu biyu, Rahu da Ketu, da ba su da jiki, inuwa ce kawai. Tauraron da ake tsoro shi ne Shani, don ba ya sauri, in ya zauna wa mutum ya zauna.

Wata rana ya tambayi ranar haihuwata. Na ɗauka takardar aiki zai cike, na faɗa masa abin da ke fasfona: ɗaya ga Janairu. Ya ce ƙarfe nawa? Wai kashin saman da ke leƙowa daga gabas lokacin da jariri ya faɗo, shi ne lagna, kuma kusan duk awa biyu yake canjawa. Ni a ɗaki aka haife ni a zangon Kumasi, ba wanda ya duba agogo. Ranar ma mai cike min takardar fasfo ne ya zaɓa. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce asuba.

Washegari na tarar ya zana taswira mai ɗakuna goma sha biyu, kundali suke kiranta. Ya ɗora yatsa ya ce Shani ya zo kan ɗakin da wata yake a taswirata, shekara bakwai da rabi zai yi: jinkiri, gajiya, ciwon gwiwa. Na saurara har ƙarshe. Abin da ya fi ɓata min rai, da bakina na ce, "Baba, saura shekara nawa?"

Ranar Juma'a na tare malaminmu a masallacin Tremont.

"Ji kika yi, ko tambaya kika yi?" in ji shi.

"Na tambaya, Malam."

Ya ce wanda ya tambayi mai irin wannan lissafi, sallarsa ta kwana arba'in ba lada. In tuba, in ci gaba da sallata. Na ce ai ranar da na bayar ta ƙarya ce.

"Hajiya, ranar ba taki ba ce, amma tambayar taki ce."

Yayata da muke zama tare dariya ta yi ta yi. "Ke dai ba kya rasa abin damuwa. Rabin Bronx ɗaya ga Janairu aka haife mu. Sai Shanin ya hau jirgin ƙasa mai lamba shida ya bi mu gida-gida."

Ni ban ga abin dariya ba. Na fara ƙirga kwanaki. A kwana na talatin da ɗaya na daure na gaya wa Baba gaskiya, don ya yaga taswirar mu huta. Sai na ga fuskarsa ta washe. Wai wannan ne aikin da ya fi so: daga abubuwan da suka sami mutum ake komawa baya a gano lokacin haihuwarsa. Wace shekara na yi aure? Yaushe na sauka a ƙasar nan?

Na ce, "Baba, don Allah ka bari."

Ya ce ya bari. Bayan kwana biyu ina ba shi abinci a baki, ya tambaya ko mahaifina ya riga mahaifiyata rasuwa. Hankalina na kan cokali, na ce eh. Ya jawo fensir.

Ba zan iya barin tsohon ba, ba ya cin abinci a hannun kowa sai ni. Malam kuma, don yawan tambayata, ya fara sauya hanya in ya hango ni. Shi ya sa nake roƙon duk mai sani da ya karanta wannan ya taimake ni da amsa ɗaya. Wannan eh ɗin da ta suɓuce min, ta mayar da ƙirgata farko ne, ko in ci gaba da ƙirga kwana arba'in ɗina daga inda nake?