Uwar Ƙwari

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana auna ƙwaron wake. In ta faɗa wa mutane aikinta sai su yi dariya, su ce, "To, ban da wasa, me kike yi?" Ita kuwa ba wasa take ba. A cibiyar binciken noma da ke bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani ɗaki mai taga ɗaya, kantocinsa cike da kwalabe, kowace an ɗaure mata baki da ƙyalle. Nan ne wurinta. Direbobin cibiyar ne suka sa mata Uwar Ƙwari, sunan ya bi ta har gida.

Macen ƙwaron takan manna ƙwai a jikin wake. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ƙwayar ta shige, ta yi ta ci har ta zama ƙwaro, bayan kamar mako huɗu ta fito. Abin da ke cikin ƙwayar nan shi ne abincinta kaf, ba ta da halin ƙaura zuwa wata. Aikin Uwar Ƙwari shi ne ta ware wake mai ƙwai ɗaya daban, mai uku daban, mai shida daban. Duk wanda ya fito ta ɗauke shi da hantsaki, ta ɗora a kan wani sikeli mai tsurfa, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya motsa. Na wake mai ƙwai ɗaya yakan fito ɓul-ɓul. Na mai shida kuwa 'yan fici-fici, wasu ma a ciki suke ƙarewa. Tun makonta na farko Farfesan da take yi wa aiki ya gaya mata abin da ya tsaya mata a rai: ƙwaron ba ya ƙara girma bayan ya fito. Yadda ya fito, haka zai mutu.

A gida tana da ɗaki biyu, 'ya'ya shida, da miji mai gyaran rediyo a zamanin da mutane suka daina kai rediyo gyara. A tire ɗaya yaran suke ci. Ta huɗunsu, wadda ake kira 'Yar-firit, ba ta iya cin abinci ba labari. Za ta ɗebi loma ta riƙe a hannu, ta fara ba da labarin kyanwar maƙwabta, kafin kyanwar ta sauko daga katanga yayyenta sun share tiren. Uwar ta gwada zuba mata nata a kwano daban. Yarinyar ta ɗauki kwanon ta kai tsakiyar 'yan'uwanta, wai ci ita kaɗai ba daɗi.

Sai uwar ta soma zuwa da ita wurin aiki duk ƙarshen wata, ta ɗora ta a kan sikelin buhuna. Wata huɗu allurar ba ta gusa ba. Kowa ya san ɗan mutum ba ƙwaro ba ne, ita ma ta sani. Amma matar da ke wuni tana rubuta nauyin 'yan fici-fici a littafi, ta koma gida ta tarar da hannu shida a tire ɗaya, ina za ta ga wani abu ban da wake mai ƙwai shida? Yayanta namiji yana wani gari mai nisan tafiyar wuni guda, shekara goma da aure, ba haihuwa. Ita da kanta ta kira shi. Maigidanta ya ce, "Ki bari mana, wasu yaran a makare suke girma." Ta ce, "Ni na ga abin da ba ka gani ba." Da 'Yar-firit ta cika shekara biyar aka sa ta a mota.

Abin haushin, lissafin ya fita daidai. Yarinyar ta miƙe, ta zarce yayyenta maza tsawo, har sunan nata ya koma abin zolaya. Ta yi karatu, ta zama malamar makaranta. Ba wanda ya ɓoye mata wace ce ta haife ta. Amma a gidan da ta tashi, kawunta ne Baba, matarsa Mama, ƙanwar Baba kuwa ai Gwaggo ce. Zuwanta hutu na farko, tana shekara bakwai, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ina wuni." Aka yi dariya, uwar ma ta yi, sannan ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Sauran biyar sun kira ta Umma har ta gaji da ji. Umma sabulu ya ƙare, Umma ina takalmina. Ita kuwa sau ɗaya tak take so ta ji kalmar daga wancan bakin. Ba ta taɓa roƙo ba, don tana ganin wadda ta sa 'yarta a mota ba ta da bakin roƙo. Shekara ashirin tana jira.

Ana saura kwana uku ta yi ritaya, 'Yar-firit ta bugo waya ta ce tana hanya, kuma wurin aikin za ta fara biyowa. Da la'asar ta iso, sai da ta ɗan sunkuya a ƙofa. Suka gaisa, uwar ta lura gaisuwar ba suna a ciki. Ta jawo mata kujera, ta ci gaba da aiki don hannunta ya sami abin riƙewa. Ta ɗauki ƙwayar wake ta sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ta kai tsinin allura ta kankare ƙwai biyu, ta bar ɗaya.

"Yaya kike zaɓar wanda za ki cire?" in ji 'Yar-firit.

"Ba na zaɓa. Wanda allura ta fara tararwa."

"Ni fa?"

Uwar ta ajiye allurar. "Ke na zaɓa," ta ce. "Ke ce ba kya samu. Na ji tsoro ki tsaya a haka."

"Na sani. Baba ya gaya mini har sikelin buhu." Ta yi ɗan murmushi, tana juya wata kwalba a hannu. "Ban riƙe ki a rai ba, wallahi. Sun riƙe ni da kyau. Amma shekara biyu na yi ina cin abinci ni kaɗai a kan tebur, ba wanda zan ba labari. Da kin bar ni ƙarama."

Can waje jirgin kaya yana wucewa, kwalaben suna ɗan kaɗawa a kan kanta.

"Na san abin da kike so in kira ki," in ji 'Yar-firit. "Tun da na shiga mota da safe nake gwadawa a hankali, har matar da ke kusa da ni ta ɗauka addu'a nake. A mota yana fita." Ta ɗago ta dubi uwarta, ta buɗe baki. Uwar ta riƙe gefen tebur. Leɓen 'yar ya motsa, ya sake motsawa, sai hawaye suka zubo mata. Ta girgiza kai.

"Ki yi haƙuri," ta ce. "Ya ƙi."

"Ba komai," in ji uwar. Ta miƙe, ta yi ɗage don hannunta ya kai fuskar 'yarta, ta share mata hawaye da gefen mayafi. "Ba komai. Kira ni yadda kika saba."