Karatun Kakata a Kan Dutsen Niƙa

Ƙamshin surfaffen gero ya shigo mini ta taga yau da hantsi, daga gidan maƙwabta. Na ajiye wankin da nake yi na zauna a bakin gado, zuciyata ta koma ƙauyenmu Fassi.

Ka san irin gidajenmu na da, sassa da yawa, ƙofa ɗaya. A ƙuryar tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kara, nan dutsen niƙan kakata yake. Ta ƙi kai gero inji, wai garinsa warin ƙarfe yake yi. Tana niƙa tana waƙa, ta tura da baiti, ta jawo da amshi, kuma ni ce mai amshin.

Yayana direba ne, yana jigilar Kibiya zuwa Rano, wani lokaci har Kano. Shi yake kawo mini littattafan soyayya. Bayan la'asar nakan karanta wa kakata, ni ina mafarkin saurayi mai sanyin murya, ita tana faɗa da mutanen cikin littafin.

"Wannan yaron bakinsa ya cika zaƙi," in ji ta. "Ki gaya mata ta bi a hankali."

A daminar da na ci jarrabawar makarantar kwana muka fara wani mai kauri. Muka lura ba za mu gama ba kafin in tafi, kuma duk sauran matan gidan babu mai karatun boko. Kakata ta ce, "Ƙawata, in kin tafi wa zai gaya mini ko ya aure ta? Ki koya mini kawai."

Na fara da gawayi a jikin bango. Abin da ta riƙe yau, gobe ya zube. Feshin ruwa ya wanke bangon, na sake rubutawa, ta sake mantawa. Na gaji, ita ma ta gaji. Baba ya leƙo ya ce, "Iya, da girmanki? Ki huta mana."

"Kai da ka iya, me ka taɓa karanta mini?" in ji ta. Baba ya juya ya tafi abinsa.

Wata safiya tana niƙa ta ce in daina amshin da na saba, in riƙa faɗin baƙaƙen daidai da tafiyar dutsen. Ta ɗora su a kan muryar waƙarta, ta tura da ɗaya, ta jawo da na biye. Idan gari ya taru a faifai, sai ta baje shi ta zana baƙin da yatsa, ta shafe, ta sake. Matan gida suna dariya, har suka wayi gari su ma suna rerawa a bakin murhu. Abin da ya shiga waƙa bai ƙara fita daga kanta ba. Ranar da yayana ya ɗora akwatina a mota, tana iya haɗa kalma, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Sai da damina ta zagayo sannan kakata ta kai ƙarshen littafin. Na dawo hutu, ko mayafi ban cire ba ta kamo hannuna.

"Ya aure ta. Amma da ni ce, wallahi da ban yarda ba."

Shi ne littafi ɗaya tak da ta karanta a duniya. Yanar ido ta rufe mata gani bayan nan, kuma ba ta daɗe ba, Allah ya jiƙanta.

Yanzu ina Rano, ina aiki a wani ƙaramin asibiti. An ce dole kowa ya koyi kwamfuta, ina zuwa aji da yamma tare da sa'o'in 'ya'yana. Nakan dawo kaina ya yi nauyi, in kunna waya ta karanta mini labari, barci ya ɗauke ni ban san wa ya auri wa ba. Komai ya zo da sauƙi, amma ba na jin ɗokin komai. Jiya na ce wa maigidana zan bar ajin, na tsufa da koyo. Ina rufe baki na ji kunya ta kama ni, don ko kusa ban kai shekarunta na wancan lokacin ba. Na gaji, gaskiya ne. Amma gobe zan je.