Malam Tun-Yaushe, Mara Lafiyar da Ban Duba Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malaminmu na Turanci, wanda ɗalibai suka fi sani da Malam Tun-Yaushe. Ya rasu a asibitin da nake aikin jinya, a ɗakin da ni ce ke kula da shi.

Malam, an ce a faɗi alherin mamaci, kuma zan faɗa. Amma ka yi haƙuri, da haushinka na ɗauki alƙalamin nan.

Wata shida ke nan da na fara zuwa ajinka na bayan la'asar, inda mu manya muke cusa gwiwoyi a ƙarƙashin bencin yara. Na zo maka da faɗuwa biyu a jarrabawar Turancin da ta tsaya tsakanina da ƙarin girma, ga shi sau uku kacal ake barin mutum ya zauna. Shekara goma sha tara ina aikin jinya, amma da an ce in yi wa mara lafiya tambayoyi da Turanci a gaban masu ba da maki, sai harshena ya sarƙe. Ban san inda ake sa kalmar nan ta Turanci have da inda ake barinta ba. Ciwon da ya zo ya wuce jiya da wanda ya fara tun bara yana nan har yau, duk iri ɗaya nake tambayarsu.

Ba ka taɓa yi mini dariya ba. Direban motar haya da ke zama kusa da ni ma, da ya kasa gane darasin, bin sa ka yi har tasha ka zauna a gaban mota kana tambayarsa tun yaushe yake tuƙi, yaushe ya sayi taya, har abin ya zauna masa. Wannan tambaya taka ce ta ba ka laƙabi, ka sani, ka yi kamar ba ka sani ba. Haƙurinka ya kai nan. Taurin kanka kuwa ya wuce nan.

Ni sai ka ƙirƙiro mini dabara. In aji ya watse ka ja kujera ka ce, “Sista, yau ni ne mara lafiya. Bismillah, tambaye ni.”

In tambaya, ka amsa, ka gyara mini jimla, in rubuta amsar da kwanan wata a littafina. Mara lafiyar nan naka ya fara da haki in ya hau bene. Bayan mako uku ƙafafunsa suka kumbura. Daga baya ya koma ba ya iya kwanciya sai da matashi uku. Har yaba maka na yi, na ce, “Malam, wallahi ka iya shirya mara lafiya, kamar ka karanci likitanci.”

Ka ce, “Bar zancen likitanci. Maimaita tambayar, kin sake jefar da have.”

Ni kuwa na maimaita. Ina kallonka ka daina tsayuwa a gaban allo, ina kallon takalminka da ka take bayansa don ƙafa ta ƙi shiga, amma hankalina yana kan jimla. Da a ɗakin jinya wani ya zayyana mini rabin wannan, da ban bar shi ya koma gida ba.

Ranar Litinin aka shigo da kai a kan gadon da ake turawa, numfashi da ƙyar. Likita ya dubi maiɗakinka ya ce, “Mama, tun yaushe ƙafar nan ta kumbura?” Ta ce ba ta sani ba, kullum cikin safa kake, in ta yi magana ka ce sanyi ne. Ni da ke tsaye da ƙarfen awon jini a hannu na ji bakina yana ba da amsa: hakin wata biyar, kumburin wata huɗu da mako ɗaya, matashi uku tun farkon watan jiya. Likita ya juyo ya ce, “Sista, kin san duk wannan, kika bar shi har yau?”

Wace irin koyarwa ce wannan, Malam? Mutum ya kwashi ciwon zuciyarsa ya mayar da shi darasi? Kalma ɗaya da Hausa ta ishe ka. Ka ce, “Sista, ni ne fa,” shi ke nan. Na san kwana in ya ƙare ba likitan da ke ƙara shi, kuma da na sani ƙeya ce. Duk da haka raina ya ɓaci, kuma bai huce ba.

Da na je gaisuwa, na shaida wa maiɗakinka cewa na fasa jarrabawar, don ba zan iya sake yi wa kowa tambayoyin nan ba. Ta dube ni ta ce, “Sau biyu ina ɗauko masa mota zuwa asibiti yana korar ta. Cewa ya yi in ya je kwantar da shi za a yi, ke kuma saura miki kaɗan, a bari ki gama. Yanzu ki ce kin fasa? 'Yar nan, kada ki sa in ji haushinku ku biyu.”

To, ka ji. Ko a nan ma ba ka bar mini zaɓi ba. Jarrabawar ranar Asabar ce, zan shiga, kuma zan saurari abin da mara lafiya yake faɗa kafin in damu da yadda na tambaye shi.

Na yafe maka, Malam, ko da yake da ƙyar. Kaina ne ban san ranar da zan yafe wa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka ɓoye ya zame maka kaffara, Ya haskaka kabarinka da ilimin da ka bayar. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da jikokinka da ɗalibanka. Mama, ke kuma Allah Ya ba ki haƙurin rashi, Ya saka miki da haƙurin zama da shi. Ki yafe mini.