Ranar da Hannun Yaya Ya Daina Ciwo

Shekaru da dama na yi ina koya wa 'yan sakandare bayoloji a Bakura, kuma babu darasin da na maimaita kamar na ƙwayar halitta. Nakan ce da su duk wani mai rai an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowane da bangonsa da mai gidansa a tsakiya, yana ci, yana shan iska, yana fitar da shara. Idan masu aiki iri ɗaya suka taru sai su zama unguwa: ga unguwar tsoka, ga ta fata, ga ta jijiya, kamar yadda a garinmu Talata Mafara kowa ya san inda maƙera suke da inda mahauta suke. Madubin ƙara girma ɗaya ne a makarantar. Sai in ɓare tantanin albasa in ɗora, yara su yi layi, kowa ya leƙa ya ce ya gani. Rabinsu gashin idonsu suka gani. Ban taɓa hana su maki ba.

Gidanmu gidan fawa ne. Da mahaifinmu ya rasu, yayana ne ya gaji wuƙa, ni kuwa tun ina ƙarami aka lura ba ni da amfani a mayanka, sai aka ba da ni ga boko. Yaya bai taɓa raina aikina ba, dariya kawai yake ba shi.

"Malam," yakan ce, yana feɗe ƙafar saniya, "tun ban yi gemu ba nike cikin nama. Ban taɓa ganin ɗaki ko ɗaya ba, balle mai gida."

"Sai da madubi, Yaya."

"To ka kawo madubin ka duba min ko da haya suke zaune."

Da rani ne abin ya faru. Ya tafi ƙauyukan Maradun neman shanu, a hanyar Faru babur ya kwashe shi cikin yashi, ya faɗi a kan hannun dama, ƙashin ya karye tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Waɗanda suka ɗauko shi ba su tambayi kowa inda za a kai shi ba, don amsar a sane take. Akwai wani tsohon maɗori a gefen garinmu, aminin mahaifinmu, wanda duk karayar da aka taɓa yi a gidanmu shi ya ɗora ta. Ni kaina ƙafata ta hagu aikinsa ce, kuma har yau ba ta taɓa gaya mini damina na zuwa ba. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka mutumin bai san aikinsa ba. Ya ja hannun, ya daidaita ƙashin, ya shafa man shanu, ya jera kara, ya ɗaure da tsumma. Da yake ya san Yaya ba mai zama wuri ɗaya ba ne, sai ya ƙara tamke ɗaurin. Washegari aka aiko wa maɗorin da labarin rasuwar ƙanwarsa a wani ƙauye mai nisa inda waya ba ta shiga, ya tafi zaman makoki.

Ni ina Bakura, sai ran Asabar na iso. Na tarar da Yaya a zaure, an jingina shi da matashi, gumi na bin wuyansa. Mutumin da na taɓa gani wuƙa ta tsaga masa tafin hannu ya ɗaure da leda ya ci gaba da ciniki, shi ne yake cije leɓe kamar mai naƙuda. Yatsun da suka leƙo daga ƙarshen karan sun kumbura sun yi sheƙi. Na taɓa su, sanyi. Na danna farcensa ya yi fari, na saki, na jira jini ya dawo ya mai da shi ja. Ya daɗe bai dawo ba.

Na shiga wurin mahaifiyarmu, Inna, na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan na ce ɗaurin ya yi tsauri, a sassauta shi, ko a kai shi asibiti a duba.

"Ba a kwance ɗaurin wani," in ji ta. "Hannun da ya ɗaure shi ka kwancewa."

"Inna, mai hannun ba ya gari."

"Zai dawo. Lokacin da anka ɗora taka ƙahwa, kwana ka yi kana kuka. Wa ya kwance maka?"

Na yi mata bayani da abin da ta sani. Tana da gonar shinkafa a fadamar noman rani, can wutsiyar kanal, magudanar da ke kai wa gonaki ruwa. Na ce ta tuna shekarar da aka toshe ruwa daga sama, 'yan kwanaki kawai, da aka buɗe shinkafar kusa ta farfaɗo, tata kuwa ta riga ta ƙone. Na ce jini haka yake bin jijiya yana kai wa nama abinci da iska, ɗaurin nan ya toshe kanal, yatsun Yaya su ne wutsiya. Ta saurare ni har na kai aya, don Inna ba ta katse mutum.

"Ka iya magana," ta ce. "Amma ɗana ba shinkahwa ba ne. Zogi alamar ƙashi na kamawa ne, kowa ya san wannan."

Kowa kuwa ya san shi. Sarkin fawa, shugaban mahautan kasuwarmu, ya zo dubiya da yamma, ya ce haka nan ne, karaya ba ta kamawa sai ta yi zogi, kuma in aka kwance aikin dattijo a bayan idonsa an ci mutuncinsa, gobe wa zai taɓa ƙashin ɗan gidan nan? Na koma kan Yaya kansa, tunda hannun nasa ne.

"Malam, in don ta ni ne, da haƙori ma sai in kwance," ya ce. "Amma mutumin nan shi ya yi wa Baba wanka. In dubi idonshi in ce mi?"

Na samu dai aka ɗaga hannun a kan matashi, aka aika mai babur ya nemo maɗorin, na koma bakin aiki. Ɗan aiken ya je ya tarar ya wuce wani ƙauyen gaba, wurin rabon gado. A makon nan na koyar da darasin jini a aji biyu. Ban san abin da na ce ba, amma yara sun rubuta.

Da Juma'a ta zagayo, ina saukowa daga mota na hangi yara a ƙofar gidanmu, kowa da masa a hannu. Na zaci sadakar mutuwa ce. Sai matar Yaya ta tare ni a soro fuskarta a sake. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, ba ta raga mini.

"Likitan albasa, sannu da zuwa. To ga majinyacinka can ya warke ba da allurarka ba."

"Ya warke?"

"Tun shekaranjiya zogi ya ɗauke ɗif. Ya yi barci, ya ci tuwo. Inna ta ce a soya masa a yi godiya. Ungo taka, kada ka ce mun hana ka don ka faɗi jarrabawa."

Na karɓi masar na riƙe. A littafin da nake koyarwa akwai shafi guda kan jijiyoyin ji, waɗanda aikinsu kai rahoto ne daga kowace unguwa ta jiki zuwa ƙwaƙwalwa. Ciwo rahoto ne. Muddin ana kuka, da sauran mai rai a gidan. Ɗan rahoto yana yin shiru don an sami lafiya, yana kuma yin shiru don shi ma ya mutu, kuma daga waje shirun iri ɗaya ne.

Yaya yana zaune a inuwar darbejiya, ya yi aski, an sa masa riga mai tsabta. Ya yi mini murmushi irin na wanda ya ci gardama. Yatsun sun bar kumburi mai sheƙi sun koma launin toka, bakinsu ya fara baƙi. Bayan mun gaisa na ce ya rufe ido. Akwai tsinken tsire a ƙasa kusa da tabarma, gidan mahauta ba ya rasa shi. Na ɗauka na soki babban yatsan.

"Ka ji?"

"Ka fara?"

Na soki na biyu, na uku, har na kai ƙaramin. Ya buɗe ido ya ga tsinken a cikin namansa, babu jini, babu zafi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuyar da kai a hankali ya kai hancinsa bakin karan, ya shaƙa sau ɗaya. Wannan warin ba sai an je makaranta ba, kuma a kasuwa Yaya ne yake hana a sayar da nama in ya ji shi.

"Kada ka gaya ma Inna yanzu," ya ce. "Bari a gama rabon masa."

Muka zauna muka jira yara suka watse. Sannan ya tashi da kansa ya shiga ɗakinta. Ban bi shi ba, ban kuma san abin da ya ce mata ba. Ta fito da mayafi ta tsaya a tsakar gida, ta ce a nemo mota.

A asibitin garinmu suka yanke tsumman, suka duba, suka ce mu wuce babban asibiti. Can likita ya kira mu gefe ya ce naman ya mutu har kusa da gwiwar hannu, kuma gubarsa ta fara shiga jini. Ko a cire hannun, ko ya tafi da mai hannun. Ya ƙara da cewa ƙashin kuwa an daidaita shi daidai, kamar da ma'auni. Na ga alama yabo yake nufi.

Yaya ya ce a ba shi wuri ya yi magana da ƙanensa. Hannun dama ne: da shi yake yanka, da shi yake cin abinci, da shi yake miƙa wa mutane gaisuwa.

"Malam, waɗannan ɗakunan naka. Ka ce kullum wasu na mutuwa, wasu na haihuwa."

"Haka ne."

"Fata in ta saɓule tana tohowa. Ƙashi shina kamawa. To wanga ba ya tohowa? Ko a hankali? Ni ba ni gaggawa."

Na sha amsa tambayoyin yara, wasu da sani, wasu da dabara. Wannan ba ta da wurin dabara. Na ce masa sabuwar ƙwaya daga tsohuwa mai rai take fitowa, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Inda duka suka mutu babu mai haifar wani.

"Unguwar ta tashi ke nan," ya ce.

"Ta tashi, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "To kira likitan."

Aka yi aikin. Da aka gama suka miƙo mana hannun a naɗe, don mutanenmu ba sa barin sashen jikin musulmi a hannun asibiti. Ni na riƙo shi a mota har Talata Mafara, a kan cinyata. Liman ya ce a naɗe shi da farin ƙyalle a binne, ba a yi masa salla tunda mai shi yana raye. Ni da sarkin fawa muka je maƙabarta da hantsi, aka haƙa ɗan rami gefen kabarin mahaifinmu. Sarkin fawa bai dube ni ba har muka mai da ƙasa. A hanyar komowa ya ce, "Allah ya sa kaffara ce." Na ce amin.

Maɗorin ya dawo bayan an sallamo Yaya. Ya shigo zaure ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma. Da aka ba shi labari ya ce da yana nan da tun ranar da yatsu suka yi sanyi ya sassauta, don haka yake yi wa kowa. Ya tambaya me ya sa ba a kwance ba. Inna ta aiko masa da ruwa, ya riƙe kofin har ya tashi bai sha ba.

Yaya ya rayu, kuma wannan shi ne abin da aka je nema. Ya koyi cin tuwo da hagu, yana neman gafara a kowace loma har malamai suka ce masa larura ce. Rumfarsa tana nan, wasu ke yanka, shi yana zaune yana duba nama da ido yana faɗin inda za a bi da wuƙa.

Wata ranar kasuwa na biya ta rumfar, na same shi yana mutsu-mutsu a kan benci, yana kai hannun hagu cikin iska, ƙasa da inda dungun ya ƙare.

"Tafin hannun nan ke min ƙaiƙayi," ya ce. "Tun safe. Daidai tsakiya."

Na fara yi masa bayani cewa jijiyar da aka yanke ce take ci gaba da aika rahoto, ƙwaƙwalwa kuma ba ta san unguwar ta tashi ba. Ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ban tambaye ka dalili ba. Akwai inda za a sosa?"

Na ce babu.

Ya mai da hannun hagun kan gwiwarsa, ya juya ga wata mata da ke tsaye tana jiran a yankar mata hanta.