Gammon 'Yan Dako a Zaurenmu

Wata safiyar Litinin da kaka, a farkon shekarun saba'in, shekarar da na shiga aji uku, na fito da tsintsiya zan share zaure sai na tarar da maza jere a ƙofar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Abokan aikin Baba ne, 'yan dakon da ke loda buhunan gyaɗa a taragon jirgin ƙasa. Ba hayaniya. Kowa ya matso sai ya ajiye gammonsa a kusurwar zaure, ya ce "Allah ya ƙara wa Malam Sule sauƙi," ya koma gefe. Kafin rana ta ɗaga, tulin gammo ya kai mini ƙugu. Na ƙarshensu shi ne Baban Ngozi, wani dogon Ibo mai Hausa kamar a bakin Kasuwar Kurmi aka haife shi. Ya dube ni ya ce, "Talatu, ga amana. Wanda duk yake son nasa, ke zai tambaya."

Abin da ya jawo haka, katakon da suke takawa su hau tarago ne ya karye da Baba, buhu a kansa, ƙafarsa ta hagu ta karye. A baro aka kawo shi gida. Washegari heluma, wato shugaban leburori, ya aiko cewa ɗan kwangila ya sa wani a gurbinsa, don lebura ɗan kullum ba shi da haƙƙi a kan kowa. Ma'aikatan reluwe masu kaki suna da ƙungiyarsu tun tuni, amma 'yan dako ba mai tsaya musu. Na ji Inna tana faɗa wa maƙwabciyarmu ta katanga cewa in aikin nan ya tafi, sai dai mu naɗe tabarma mu koma ƙauye, ni kuma boko ta ƙare. Ranar na yi kuka har na gode Allah, don ina son makarantar nan kamar me.

Wanda bai taso cikin 'yan dako ba zai ce gammo ai tsumma ne, kowa zai iya naɗa wani. Haka ne, amma a tasha kowa an san shi da nasa, don daga tsohon zanen matarsa ko na uwarsa ake yaga shi. Na Baba shuɗi ne mai ɗigon fari, ni nake naɗa masa kullum yana karin kumallo, in matse shi da gwiwa har sai ya ce ya yi. Saboda haka duk wanda aka hanga da sabon gammo a bakin tarago, ba sai an tambaya ba, an san ya saɓa alkawarin da suka yi na daina lodi sai an share wa Baba hawaye. Ba su da ofis, yawancinsu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Abin da suke ci da shi suka ajiye.

Ni kuwa kaina ya kumbura. In an tashi tara a makaranta, maimakon in shiga gaɗa sai in tara yara ina ba su labari, har da ƙarina. Da na dawo, in yi surfe a gurguje, in ɗebo ruwa a rijiya, in kwaso duwatsun carafke in baje a bakin zaure ina gadi. Ƙawayena suka yi ta kirana roron gyaɗa a gonakin Darmanawa, na ce su je, ni ina da aikin manya. Akuyar Inna ta taɓa jan wani gammo ja, na bi ta har bayan masallaci na ƙwato shi. Amma kwanaki na tafiya tuwo na raguwa, a gidanmu da gidajen sauran, miya ta koma kuka tsura ba ko man gyaɗa.

Rannan da hantsi sai ga Kawu Ɗanladi, aminin Baba da ke zaune a Tarauni, mai 'ya'ya birjik da mata mai jego. Ya tsaya kansa a ƙasa, ya ce in miƙo masa nasa. Ni da bakin tsiwa, na riƙe ƙugu na ce, "Haba Kawu, ashe kai za ka fara?" Ban rufe baki ba na ji muryar Inna daga bayan ƙofa: "Ke Talatu, uban wa ya koya miki rashin kunya? Kawo gammon nan." Na kai mata ina kumbure-kumbure, a raina ina cewa shi ke nan, yau Kawu, gobe kowa. Ta karɓa ta ɗora mini a ka, ta juye rabin dawar da ta rage mana a ƙwarya, ta aza a kai. Sannan ta ɗaga murya yadda zai ji, ta ce, "Malam Ɗanladi, yarinya za ta raka ka da gammonka. A gaishe da mai jego."

Haka muka bi ta cikin gonakin da aka girbe, ina gaba da ƙwarya, yana baya. Har muka isa ina jin jan hancinsa, ban kuma yarda na waiga ba. A ƙofar gidansa ya sauke mini kayan, ya riƙe gammon yana jujjuya shi a hannu. Can ya mayar mini da shi a ka, ya ce, "Koma da shi, 'yata. Ki ce wa Inna na ji." Na dawo da gudu, wallahi ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Daga ranar matan 'yan dako suka ɗauki salon. Mai ɗan gero ta aika wa marar shi, mu yara muna ta zirga-zirga tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ƙore a kan gammon iyayenmu, da yamma mu mayar zaure. Taragu na tsaye ba lodi, har ɗan kwangila ya gaji ya nemi zama. Aka biya mai ɗorin da ya ɗora ƙafar Baba, aka canza katako, aka ba Baba gadin sito tunda ƙafar ba ta sake ɗaukar buhu ba. A zaurenmu suka kafa ƙungiyarsu, suka zaɓi Baban Ngozi shugaba, Kawu Ɗanladi mataimaki. Ni na raba musu gammonsu ɗaya bayan ɗaya, ban ba kowa na wani ba.

Kwanan baya jikana ya kunna mini wani fim a wayarsa, na baƙaƙen fata ma'aikatan jirgin ƙasa a Amurka da suka sha wuya kafin su kafa ƙungiya. Yana fassara mini yana jinjina musu, ya ce, "Hajiya, ina ma an yi irin waɗannan a nan." Na ce masa ya ajiye wayar, shi jinin irinsu ne. Yau babu dalar gyaɗa, gonakin da na ratsa sun zama shaguna da layin adaidaita-sahu, zauren ma an mayar da shi shagon caji. Su Baba ba wanda ya ɗauke su ko hoto. Ni dai na yi shekara talatin ina koyarwa, kuma na san a kan me aka gina karatuna. Har yau in na ga ɗan dako a kasuwa, gammonsa nake fara kallo.