Sallama a Ƙofar Kufai

Ba ya cikin ayarinmu. Mu masu hawan dutse ne na ranar Asabar, da takalman tafiya da gorunan ruwa. Shi kuwa silifas ne a ƙafarsa, ɗaya an ɗaure shi da waya. Zai kai shekara sittin. Jallabiyarsa ta koɗe, tafin hannunsa duk kanta irin ta masu kafa tantuna a Arfa. Duk motar da ta gifta a titin da ke ƙasa, sai ya bi ta da ido har ta ɓace. Ina jin iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta daɗe da mutuwa, in ma ya taɓa yin ta.

Tsohon sansanin soja da ke kan dutsen nan, a bayan garin Makka, ba rufi ba ƙyaure. Mu mun shige muna ɗaukar hoto. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, ya tuɓe silifas, yana sallama. Ya saurara, ya sake, har sau uku.

Jagoranmu Marwan, jikan Hausawa haifaffen unguwar Utaibiyya, ya leƙo yana haɗa Hausa da Larabci.

"Ya Ammi, baffana, shigo kawai. Wallahi ma fi ahad, shekara ɗari ba kowa a nan."

"Na sani, ɗana," in ji dattijon. "Gidan mahaifina a Tasawa haka ya zama. An ce awaki ke kwana a ɗakin tsohuwata. Ina dai fata mai shiga yana yin sallama."

Ya mayar da silifas ɗinsa ya fara gangarawa. Ba a amsa masa ba, don haka bai shiga ba.